Ga Malamar da hedimasta ya ce mata malami ba ruwansa da gwagwarmaya

Assalamu alaikum jama'a. Malama, sannu da ƙoƙari. Ga waɗanda tambayar ta wuce su: baiwar Allah ce mai koyarwa a firamaren gwamnati a karkara. Ta ce 'yan mata suna zarewa ɗaya bayan ɗaya daga aji biyar zuwa shida, ana kuma koro yara gida kan kuɗin jarrabawa da na alli. Wasu samari masu wasan kwaikwayo da wata ƙungiyar kare haƙƙin yara sun nemi ta sa hannu a yi aiki tare, sai hedimasta ya ja mata kunne cewa malami ba ruwansa da gwagwarmaya. Shi ne take tambaya ko haka ne, kuma ko wasa da waƙa suna gyara wani abu.

Ni tsohon malami ne, a haife na haife ki. Na koyar a firamare, na riƙe ajin yaƙi da jahilci da yamma, na yi aiki da 'yan wasa da 'yan ƙungiya har na ajiye alli. Abin da idona ya gani zan faɗa miki, 'yata.

Hedimastanki yana da gaskiya a wuri ɗaya: aji ba dandalin jam'iyya ba ne, kuma malamin da ya shiga yi wa ɗan takara kamfe a gaban yara ya ci amanar iyayensu. Amma yaron da aka kora gida saboda kuɗin alli ba maganar jam'iyya ba ce, maganar aikin da aka ɗauke ki dominsa ce. Kuma wanda ya san tarihin ƙasar nan ba zai ce malamai ba sa cikin wannan ba, domin a ɗakin malamai aka fara ta. Malam Aminu Kano malamin makarantar midil ne a Bauchi a farkon shekarun 1940. A can ya haɗu da Sa'adu Zungur, wanda shi ma malami ne kuma marubucin waƙoƙi, suka riƙa zaman muhawara kan mulkin En'e da halin da talaka ke ciki, har hukuma ta tsargu. Malam Aminu yana rubuta wasannin kwaikwayo yana sa ɗalibansa su yi, ana dariya, masu rawani kuma suna jin zafi. Shi ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, sannan ya ajiye aiki a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Kin ga mutum ɗaya ya haɗa uku: malami, mai fasaha, ɗan gwagwarmaya. Mu da ba mu kai shi ba sai mu raba aikin a tsakaninmu, kowa ya riƙe ɓangarensa.

Naki ɓangaren shi ne rajista. Kada ki raina wannan littafi. 'Yan ƙungiya suna da baki, 'yan wasa suna da jama'a, amma ke kaɗai ke da shaidar da ba a musawa. Ki zauna da rajistar aji huɗu ta shekaru biyu da suka wuce, ki bi sunayen 'yan matan ki ga su wa suka kai aji shida, su wa suka tsaya, a wane zango suka tsaya, daga wace unguwa suke. Sannan ki ɗauki mayafi ki bi gidajen bayan la'asar, ba da fuskar hukuma ba, da fuskar mai gaisuwa. Ke mace ce, za ki shiga har tsakar gida inda ni ba na iya wuce zaure. Wannan dama ce babba da mu malamai maza ba mu taɓa samu ba, sai dai mu aika matanmu.

Lokacin da muka yi irin wannan bin gida a wata makaranta da na zauna, kowa a ofis ya riga ya yanke cewa auren wuri ne. Akwai shi, ba na musu. Amma yawancin yaran suna nan a gida, ba a ɗaura musu aure ba. Wata uwa ta ce makarantar ba ta da makewayi, yarinya kuma ta fara girma, ba za ta tura ta bayan gari tare da maza ba. Wani uba ya ce ƙaramar sakandare tana wani gari, hanyar ta ratsa daji, to me zai sa ya wahalar da ita da aji shida tunda ba za ta wuce nan ba? Da yawa talla ce ta riƙe su, kuma ba mugunta ba ce: da ribar gyaɗa da ƙuli-ƙuli uwa ke tara kayan ɗaki, in ba ta tara ba ranar biki ita za a yi wa dariya. Maganar da ta fi tsaya min ita ce ta wani dattijo da ya kira 'yarsa ya miƙa mata takardar asibiti ya ce ta karanta. Yarinya tana aji biyar, ta kasa haɗa baƙi. Ya dube mu ya ce, "To malam, me take bari a can?" Babu wanda ya iya ba shi amsa. Shi ya sa duk malamin da ya zo min da zancen adalci nake fara tambayarsa yara nawa ne a ajinsa ke iya karanta Hausa. Ɗan mai kuɗi yana makarantar kuɗi, an ɗaukar masa malamin darasi a gida. Ɗan talaka ke kaɗai gare shi. In ya fita daga hannunki bai iya karatu ba, an zalunce shi ko da ba a karɓi sisinsa ba.

Yanzu maganar wasa. Yana aiki, amma ya danganta da yadda aka shirya shi. Na ga samari sun zo daga birni da wasan da suka rubuta a ɗakinsu: uba jahili mai zare ido, uwa mai kwaɗayi, malamin allo mugu, sai wata 'yar boko ta zo ta wayar musu da kai. Aka yi a ƙofar gidan dagaci. Yara suka yi ta shewa, dattawa suka naɗe tabarminsu ɗaya bayan ɗaya, washegari liman ya yi magana a masallaci, aikin ya koma baya. Ba wanda za ki zaga a gaban 'ya'yansa ya ba ki 'yarsa.

Hanyar da na ga ta ci ita ce wadda mutanen sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka daɗe suna bi tun ƙarshen shekarun 1970 a Samaru da Bomo da ƙauyukan kewayen Zariya. Ba a zuwa da labari a aljihu. Ana zama a gari, a saurari mutane a majalisa da bakin rijiya, a gina wasan daga abin da suka faɗa da bakinsu, a sa 'yan garin su fito a ciki. In an kai inda rikici ya ƙulle sai a tsaya, a juyo ga 'yan kallo a ce, "To jama'a, in ku ne yaya za ku yi?" A nan ake samun abin da ake nema. Da muka gwada haka, uban da ke cikin wasan mutumin kirki ne mai son 'yarsa, tsoron hanya ne kawai ya hana shi. Da aka tsayar da wasa wata tsohuwa ta miƙe ta ce ai maganin abin a haɗa yaran su tafi ayari guda da babba a bayansu. Wani mai gini ya ce in an kawo siminti shi zai gina makewayi kyauta, kuma ya gina. Da mu muka kawo shawarar da an ce ta 'yan boko ce. Mutanenmu ba baƙin gyara ta hanyar wasa ba ne, duk azumi yara suna tashe suna tsokanar marowaci da malalaci ana dariya ana ba su hatsi. Ki ce wa samarin su je su kalli yadda tashe ke cizo ba tare da ya fasa fata ba.

In wani ya ce miki karatun mata ko koyarwa da waƙa baƙon abu ne, ki tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta tsara ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa jagorori da ake kira jaji, mata masu hankali da take ɗora wa malfa, su bi ƙauyuka suna koyar da mata da waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulfulde. Wannan hujja ta fi duk wata takardar ƙasar waje ƙarfi a gaban liman.

'Yan ƙungiya kuma amfaninsu shi ne sun san doka, sun san ƙofar ofisoshi, kuma ba a iya yi musu canjin wurin aiki. Ki sani dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma dole ne. Ta ma tanadi hukunci ga mai karɓar kuɗi: tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Sai dai kafin ki ɗaga wannan a fuskar hedimasta, ki tambaye shi yaushe rabon da a turo masa kuɗin gudanarwa. Sau da yawa shi ma da kuɗin iyayen yake sayen alli da takardar jarrabawa. In haka ne ba abokin gaba ba ne, shaida ne, ki jawo shi jiki. Matsalar tana sama: gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, amma jiha ba ta iya ɗaukar rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma jihohi da dama sukan bar nasu ya kwanta shekara da shekaru. Wannan faɗan ya fi ƙarfin malama ɗaya, nan ne wurin 'yan ƙungiya. An ga amfaninsu a Zamfara: bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, garin Bagega ya zauna yana jiran kuɗin share gubar, sai da matasan Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, suka tayar da ƙura a intanet da kafafen labarai kafin aka saki kuɗin a farkon 2013.

Amma ki tantance ƙungiyar. Akwai na gaske, akwai na otal, waɗanda aikinsu taron bita da alawus da hoto. Ki lura da abin da suka fara tambaya. In sun fara da neman yaran da suka fi yagaggun kaya don a ɗauke su hoto, ki sallame su da girma. Kada ki ba kowa sunan yarinya ko hotonta ba da yardar iyayenta ba, adadi ya ishe su. Kada kuma ki yarda a fitar da yara daga aji su riƙe kwali a rana. Manya ne za su tsaya musu, ba su za su tsaya wa manya ba.

Ƙofar da ta fi miki aminci ita ce kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wato SBMC. A ƙa'ida akwai iyaye mata a ciki, da wakilin mai gari, da malamin addini, da tsofaffin ɗalibai. A wurare da yawa sunansa kawai ke takarda. Ki nemi a farfaɗo da shi, ki kai masa lissafinki, wasiƙa ta fita da sa hannun shugaban kwamiti da dagaci zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Ke kin yi aikin, sunan gari ne a ƙasa. Buƙata ɗaya a wasiƙa ɗaya, makewayi ko daina korar yara, kada a jera goma a ba su hanyar zillewa.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai tsada. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka sau da yawa kan 'yancin mata da yaƙi da auren dole, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, alhali na Kudu sun yi zaɓen 1959. Ke ba za a kai ki kurkuku ba in sha Allahu, abin da ake yi wa malami shi ne takardar tuhuma ko a wurga shi ƙauyen da mota ba ta zuwa. Na ga an yi wa abokan aikina. Kuma ba a cewa don kin yi magana ne, ta makara da tsarin darasi ake kama mutum. Don haka ki riga kowa sa hannu da safe, littafin shirin darasinki ya zama cikakke, ki san wakilin ƙungiyar malamai ta ƙasa, wato NUT, na yankinku tun kafin ki buƙace shi, ki kuma sanar da maigidanki ko mahaifinki duk abin da kike ciki don kada su ji a bakin wani. Lokacin zaɓe 'yan siyasa za su zo da buhun shinkafa da alkawari, kada ki hau mumbari da kowa. Batun ajiye aiki kuwa kada ma ki kawo shi, Malam Aminu yana da jam'iyyar da zai koma, ke yaran nan ajinki kawai suke da shi.

In kin gama bin rajistar ki turo adadin nan, ban da sunaye, ban da sunan gari. Akwai lauyoyi da tsofaffin sakatarorin ilimi a cikinmu, sai mu taya ki tsara wasiƙar.