Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za A Raba Hotunan Tafiyar Daji Ba Tare Da Sun Lalace Ba

Tun da damina ta ɗauke hanyoyi suka bushe, yawancin saƙonnin da ke shigo mini na matafiya ne, waɗanda suka haɗa kuɗi suka ɗauki Hilux ko Land Cruiser, suka kwana a tanti, suka dawo da ɗaruruwan hotuna a waya. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Daga Jalingo: Assalamu alaikum Malam. Mu takwas muka hau Mambila da mota biyu, muka yada zango kusa da Nguroje. Hotunan tas suke a wayata, amma da na tura a guruf ɗinmu na WhatsApp, wani ya kai a wanke masa babba sai ya fito dishi-dishi. Laifin waya ne ko na mai wanki?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu laifin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da abokinka ya kai wa mai wanki ba hotonka ba ne, kwafinsa ne da WhatsApp ya matse.

Hoton waya mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi, nauyinsa kuma yakan kai 3MB zuwa 5MB. Idan ka tura shi ta hanyar da aka saba, WhatsApp yakan rage tsawonsa zuwa wajen ɗigo 1,600, ya zama bai cika megafiksel 2 ba. Wato an zubar da kusan kashi biyar cikin shida. A fuskar waya ba za ka lura ba, sai an kai ga takarda. Wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka ɗigo 1,600 iyakarsa hoto mai inci biyar da ɗoriya, alhali na asalin zai kai inci 13 bai fashe ba. Irin hotunan Mambila kuwa su suka fi cutuwa: layukan ganyen shayi na Kakara, ciyawar kan tudu, shanun da ke can nesa cikin raɓa, duk ƙananan abubuwa ne da matsewa ke fara cinyewa.

Hanya biyu ce. Tun watan Agustan 2023 WhatsApp ya sa maɓallin HD a saman hoto kafin a tura. Ya isa don kallo a waya ko kwamfuta, amma shi ma akwai 'yar matsewa. Wanda za a wanke a rataye a falo, ka danna alamar maƙala abu, ka zaɓi Document, ka ɗauko shi daga nan. Yadda kyamara ta ɗauke shi haka zai isa, kuma WhatsApp yana karɓar fayil har 2GB ta wannan hanya. Sai dai ka karanta amsar da na ba ɗan'uwanmu na Agadas a ƙasa kafin ka tura wa kowa da kowa ta Document.

Daga Kaduna: Malam, kowa a cikinmu ya ɗauki nasa, an watse an ce za a turo, yau wata biyu shiru. Wace hanya ce ta fi sauƙi a tara hotunan tafiya wuri guda?

"Zan turo" ita ce ta fi cinye hotunan tafiya. Shawarata a tara su tun ba a rabu ba. A daren ƙarshe, bayan an ci abinci, a naɗa mutum ɗaya mai sarari a wayarsa, kowa ya zuba masa nasa. Ba a bukatar sabis ko data. Wayoyin Android suna da Quick Share, wanda Google da Samsung suka haɗe a farkon 2024, masu iPhone suna da AirDrop, Xender kuma da kowa ya sani yana aiki tsakanin ɓangarorin biyu. Duk ba sa matse hoto. Wanda ya karɓa, da isa gida ya kwafe a kwamfuta ko filashi kafin ya yi komai.

Ku da kuka riga kuka watse, mutum ɗaya ya buɗe album na tarayya a Google Photos, ya ba sauran izinin ƙarawa, ya tura musu linki. Ku lura da abu biyu. Duk wanda linkin ya faɗa hannunsa zai ga hotunan, don haka idan akwai iyali a ciki a gayyaci mutane ta adireshinsu na Gmail. Na biyu, ajiya kyauta marar iyaka ta ƙare tun 1 ga Yunin 2021. Yanzu 15GB ne kawai, kuma Gmail da Drive suna ci daga ciki. Hoto 500 masu nauyin 4MB sun tashi 2GB. Bidiyo ya fi ci nesa ba kusa ba, minti ɗaya na 4K a iPhone yakan kai 170MB zuwa 350MB.

Idan wani ya je da babbar kyamara, a duba agogonta tun kafin a tashi. Album yana jera hotuna ne bisa lokacin da ke rubuce a cikinsu, kyamarar da kwanan watanta ya karkace sai ka ga hotunanta sun koma can wata shekara. Hotunan iPhone kuma, idan tsohuwar kwamfuta ta ƙi buɗe su, tsarin HEIC ne da Apple ya fara a 2017. A saitin kyamara, sashen Formats, a zaɓi Most Compatible, sababbin hotuna za su riƙa fita a JPEG.

Daga Agadas: Malam, barka da aiki. Mukan tafi Timia da katkat (motar daji mai jan taya huɗu), mu kwana a hanya. Wani ya ce mini hoto yana ɗauke da wurin da aka ɗauke shi. Ta yaya, alhali wurin ko rezo (sabis) babu?

Gaskiya ya faɗa maka, ɗan'uwa, kuma a duk tambayoyin yau wannan ce na fi so kowa ya tsaya ya karanta.

GPS, wato tsarin da waya ke gane inda take, ba ruwansa da rezo ko layin waya. Salularka tana sauraron taurarin ɗan'adam ne kai tsaye, ta lissafa inda take. A cikin duwatsun Ayar ko tsakiyar Tenere, inda sama take a buɗe, ya ma fi aiki da kyau a kan cikin gari. Idan an ba kyamara izinin sanin wuri, kowane hoto yana fita da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: rana, awa, irin wayar, da lambobin wurin, waɗanda sukan nuna zangonku da kuskuren 'yan mitoci kaɗan.

Facebook da Instagram suna cire wannan bayani daga abin da jama'a ke gani, haka ma WhatsApp idan an tura hoto ta hanyar da aka saba. Amma Document, da imel, da Quick Share ko Xender, sukan kai hoto da duk abin da ke cikinsa. Hanyar da ke kiyaye kyawun hoto ita ce kuma ke kiyaye adireshinsa.

Ban ce a kashe shi gaba ɗaya ba. Bayan shekara biyar shi zai tuna maka a wane kwari kuka kwana, a ina kuka sami ruwa. Ka bar shi a naka na ajiya, ka cire shi daga wanda zai fita. A iPhone, idan ka danna tura, akwai Options a sama, ka kashe Location. Yawancin wayoyin Samsung suna da irin wannan zaɓi a wurin turawa. A kwamfutar Windows kuma ka danna dama a kan hoton, ka shiga Properties, sannan Details, a ƙasa akwai inda ake cire bayanan.

Amma abin da ya fi EXIF haɗari shi ne gaggawa. Mutum yana samun ɗan rezo a kan tudu sai ya zuba a status: ga motar, ga lambarta, ga tanti uku, ga dutsen da duk ɗan yankin ya san shi, ga rubutu "nan za mu kwana". A halin da hanyoyinmu suke ciki, a Nijar da Najeriya baki ɗaya, da masu fashi da masu garkuwa da mutane, wannan tallata kai ne. Ka gaya wa mutum ɗaya ko biyu a gida inda kuke da ranar dawowa, sauran duniya ta jira sai kun sauka lafiya. Kada a ɗauki hoton shingen sojoji ko jandarma, yana iya jawo a karɓe waya ko abin da ya fi haka. Masu zuwa Yankari ko Gashaka-Gumti, hoton giwa ko wata dabba mai ɗauke da lambobin wuri mafarauta ma suna iya amfana da shi. Matan da kuka tarar a bakin rijiya kuwa, ko yara a ruga, a nemi izini kafin a ɗaga waya, kuma yarda a ɗauka daban, yarda a sa a intanet daban.

Daga Kano: Wayata tana mutuwa kafin la'asar idan muna daji, wani lokaci ta ce ta yi zafi kyamara ba za ta buɗe ba.

Inda babu sabis waya takan ƙara ƙarfi tana nemansa, shi ke shanye cajin. Ka sa ta a yanayin jirgin sama. Kyamara da GPS za su ci gaba da aiki. Zafin kuma, Apple ya ce an yi wayoyinsa ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran ma ba su yi nisa da haka ba, gaban gilashin mota da rana kuwa ya wuce nan sosai. A ajiye ta a inuwa, kada a yi caji tana da zafi. Fawa-banki mai 20,000mAh wajen kashi biyu cikin uku ne yake isa waya, wato caji biyu da rabi ga batir mai 5,000mAh. A cika shi mota tana tafiya. Kada a kwana ana jan wuta daga batirin mota a inda babu mai ba ku taimako da safe. Ƙura kuma a fara hure ta daga idon kyamara kafin a goge da tsumma mai laushi.

Daga Damagaram: Malam, da ido taurari kamar ka taɓa su, amma a hoto baƙi ƙirin. Hoton zaman shayi a bakin wuta ma haka. Me za mu yi?

Ka fara kashe filasha. Ita ke mayar da fuskoki fari fat, bayansu duhu, ta kashe jan hasken garwashin da ya sa ka ɗaga wayar. Ka kunna yanayin dare na kyamara, ka matsa kusa, ka taɓa fuskar mai haɗa shayin a allon wayar, ka roƙe shi ya ɗan tsaya da butar a sama na daƙiƙa biyu ko uku. Za ka sami hasken wuta a gefen rawaninsa da kumfa a bakin kofi.

Taurari kuwa suna son waya ta tsaya cak. Ka jingina ta da dutse ko takalmi a kan murfin injin mota, injin a kashe. Ka shiga yanayin Pro idan wayarka tana da shi, ISO (ƙarfin karɓar haske) tsakanin 800 da 1,600, buɗewar kyamara daƙiƙa 10 zuwa 20, saitin nisa a ƙarshensa. Ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku don kada yatsanka ya girgiza ta. Ka juya wa wutar zango baya, ka yi nisa da ita. Farin wata yana dusashe taurari, don haka ka duba kalandar Musulunci, daga wajen 25 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo ne sama ta fi duhu da farkon dare. Ranar da hazo ya sauko kuwa, babu saitin da zai yi magani.

Daga Bauchi: Malam, mun je Yankari da maigida da yara, duk hotunanmu na ruwan Wikki suna kan memori. Yanzu waya tana cewa sai an yi fomatin ɗinsa. In danna?

Kada ki danna, Hajiya. Ki kashe wayar, ki zare memorin, kada a sake ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa. Sau da yawa hotunan suna nan, jadawalin da ke nuna inda suke ne ya lalace, kuma duk sabon abin da aka zuba yana iya hawa kansu. A sa shi a kwamfuta, a bi shi da manhajar PhotoRec ko Recuva, duka kyauta ne, a adana abin da aka samo a kan kwamfutar, ba a kan memorin ba. Tunda hotunan iyali ne, in so samu ne wani na gida ya yi, in kuwa sai an kai shago, a zauna a yi a gaban wanda ya kai.

Kafin haka ki leƙa Google Photos, wataƙila wayar ta riga ta tura wasu can ba ki sani ba. Ki duba kwandon shara na manhajar hotuna ma, abin da aka goge yakan zauna kwana 30 a yawancin wayoyi. Abin da ya wuce nan a cikin ajiyar wayar kanta da wuya ya dawo, domin sababbin wayoyi a kulle suke rubuta bayanansu, kada ki biya kuɗi ga manhajojin da ke alkawarin dawo da komai.

Akwai kuma yiwuwar memorin jabu ne: an rubuta 128GB a jiki, ainihinsa 8GB. Yana aiki lafiya har sai ya cika ainihin girmansa, daga nan abin da aka ƙara ya lalace. Idan haka ne, wasu hotunan kaɗai za a samu. Sabon da za ki saya, a gwada shi da H2testw a kwamfuta kafin a sa a waya. Manhajar tana cika shi fal sannan ta karanta, ta faɗi ainihin girmansa. Tana ɗaukar lokaci, a bar ta ta gama.