Amsa ga Kawu: abin da ke kai mu bakin teku

Kawu, ina gaisuwa, da fatan ka wuni lafiya. Na saurari saƙonka bayan ka ga hoton yara cikin yashi, kana tambaya me ya kai magidanci Musulmi bakin teku da iyalinsa. Tambayarka na kan hanya.

Sunan wurin Orchard Beach, a nan Bronx cikin birnin New York. Mutane ne suka yi shi: aka cike ruwa, aka yi ta jido yashi a jiragen ruwa, aka buɗe shi a 1936. Tsawonsa bai cika kilomita 2 ba, ya lanƙwashe kamar jinjirin wata. Shiga kyauta ne, sai dai kuɗin ajiye mota, wanda ba shi da mota kuma bas mai lamba Bx12 na kai shi idan lokacin zafi ya kama.

Amma sai ka san hunturunmu kafin ka gane. A Disamba rana na faɗuwa tun ƙarfe 4:30. Wata huɗu kowa na ƙunshe a bene, ba dakali, ba zaure, ba dandali. Ɗan'uwanka ma sai ranar Juma'a a masallaci, ku gaisa a tsaye kowa ya ruga aiki. Yaranmu su na fi tausayawa, Kawu, daga makaranta sai ɗaki sai waya. To daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, wurin nan shi ne ƙofar gidanmu.

Tsiraici kam akwai shi, ba zan ɓoye maka ba, kuma akwai dattawanmu da ba sa zuwa saboda haka. Ba mu ga laifinsu ba. Mu da muke zuwa, can baya muke shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa ƙarƙashin itatuwa, nesa da cunkoso. Mun fi son Asabar, don Lahadi ranar mutanen Puerto Rico ce da kiɗansu na salsa. Matan zangon Kumasi su zo da tukunyar shinkafa da wake, 'yan Nijar da dambu da butar shayi, mu maza mu hura gawayi mu gasa nama. La'asar na yi a duba alƙibla a waya, a ja sahu a nan kan ciyawa. Mata na shiga ruwa da hijabinsu iya gwiwa, riƙe da hannun yara, ba mai ce musu uffan.

Asabar da ta wuce, 'yar autata da ba ta amsa mini sai da Turanci ta wuni gindin wata tsohuwa 'yar Damagaram tana taya ta tsinke zogale. Da muka tashi tafiya, da kanta ta durƙusa ta ce, "Iya, sai wani jiƙon." Uwarta sai da ta share hawaye.

A gaida Inna da yara.