Zakara ne ke sa ɗan tsako ya fito namiji?

Malam, ka tambaya ko zakara ne ke yanke jinsin ɗan tsako kamar yadda uba ke yi a mutane. A'a, wurin tsuntsaye abin ya juya. Mutum da akuya da saniya, namiji XY gare shi, mace XX (haruffan sunayen kromosom ne, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke tantance jinsi), kuma ƙwayar gado SRY da ke kan Y, wadda aka gano a 1990, ita ke mayar da ɗan tayi namiji. Daga uba kaɗai Y ke fitowa, shi ya sa zargin mace don ta haifi 'ya'ya mata zalunci ne tsagwaronsa. Kaza kuwa ZW ce, zakara ZZ, don haka ƙwanta ke yanke hukunci: zakara Z kawai yake bayarwa, idan ƙwai ya zo da Z namiji za a samu, idan W kuma mace. Tsarin biyu ma asalinsu daban.

Kada ka biye wa masu cewa dogon ƙwai zakara ne, siffar ƙwai ba ta nuna jinsi. Don tantance 'yan tsaki tun suna ƙanana, ka nemi masana kiwon kaji na NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya.