Abin da dutse ke ciyar da mu a Kordofan

Yaya, ka tambaye ni ko mu Hausawan Sudan mun san aduwa da kanya, ko kuwa dabino kaɗai muke ci. Mun san su sarai. Mu da kakanninmu suka yada zango a gindin Duwatsun Nuba da ke yankin Kordofan a kan hanyarsu ta hajji, itatuwan gida muka tarar a nan, suna ne kawai ya canza. Aduwa lalob ce, kurna nabag, tsamiya aradeb, goriba dom, giginya daleb, 'ya'yan kuka kuwa gongolez. A kasuwa da Larabci muke kiransu, a cikin gida kakata har ta rasu ba ta taɓa cewa lalob ba.

Bambancinmu da ku shi ne ku kun bar wa yara su a matsayin kayan kwaɗayi. Nan abinci ne, ana lissafa su tare da dawar rumbu. Wannan wurin Nubawa muka koya, domin su ke noma a jikin dutsen, sun san kowane kwazazzabo. Wata maƙwabciyarmu Banuba ita ta riƙa hawa da mahaifiyata, tana nuna mata inda kanya ke bin bakin rafi, da lokacin da danya ke zubowa gab da faɗuwar damina, daidai sa'ad da hatsi ya ja baya. Ni ina biye da ƙwarya. Har yau ina tuna yadda take ɗanɗana kurnar bishiya guda ta tofar, ta wuce ta gaba, ta ce wannan ce mai zaƙi, a shanya ta a daka.

Aduwa ba a yar da komai nata. A tsotse, a fasa ƙwallon, a fitar da mai. Ƙwallon giginya a binne ya zama muruci, a nan ana ce masa haluk. Akwai kuma gudem, ƙananan 'ya'ya jajaye dangin dargaza, ana jiƙawa a tace a ba mai jego don ƙarin jini. Da azumi shi da ruwan kuka ba sa rabuwa da faifan buɗa baki.

Wanda nake so ka riƙe shi ne mukhet, wato anza da 'yan'uwanmu na Nijar suka sani. Ɗaci gare shi ƙwarai, sai an jiƙa kwanaki ana zubar da ruwan ana sabuntawa kafin ya dafu. Shi ya riƙe mutanen Darfur da Kordofan da yawa a yunwar 1984 zuwa 1985. Bayan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 hanyoyin garuruwan Kadugli da Dilling suka toshe, mutane suka koma ga ganye da 'ya'yan itace. Abin da ke ci mini rai, matasanmu da suka tashi a birni ba su san kwana nawa ake jiƙa shi ba, sai an nemo tsohuwa ta tsaya a kan tukunyar.