Amsa ga Yaya: Mu da 'Ya'yanmu a Bronx

Yaya, bayan gaisuwa. Ka tambaye ni ko da gaske ne mutanen Amurka na yawan kashe kansu, kuma ko abin ya shigo cikinmu, mu Hausawan da muka daɗe a nan Bronx, wani yanki na birnin New York. Ta farkon gaskiya ce. A 2022 kaɗai, kimanin mutum 49,000 ne suka halaka kansu a ƙasar nan, fiye da rabinsu da bindiga. Jihohin karkara irin su Montana da Wyoming ne suka fi fama, New York kuwa tana cikin masu ƙarancin abin.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, baƙin da aka haifa a wata ƙasa sun fi haifaffun nan tsira daga wannan musiba, duk da aikin dare da rashin takarda da kewar gida. Masana na cewa dama mai ƙarfin jiki da na zuciya ne ke iya yin ƙaura. Ban musa ba, amma ni na fi ganin sirrin a irin zamanmu. Ba ma barin mutum shi kaɗai. Direban tasi in ya yi Juma'a biyu ba a gan shi a masallaci ba, sai an kira shi, in bai ɗauka ba a je a buga masa ƙofa. Mata na da adashinsu, ga suna, ga biki, ga zaman makoki, ɗan zangon Kumasi da ɗan Damagaram da Bakano duk tabarma ɗaya. Sannan ga tsoron Allah da aka raine mu a kai.

Damuwata 'ya'yanmu ne, Yaya. Bincike ya nuna wannan kariyar tana raguwa a wurin waɗanda aka haifa a nan, kuma a shekarun baya-bayan nan abin ya ƙaru a tsakanin matasa baƙar fata. Yaro na tsakanin gida da makaranta, a gida Ba'amurke ne, a waje baƙo. In ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, sai mu ce rashin godiya ne, ko aljanu, mu hana shi faɗa wa kowa don kada a ji. Mun taso inda doka ke ɗaure wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, Ghana ma sai a 2023 ta soke wannan hukunci, shi ya sa ɓoyewa ta zame mana jiki. Wannan ɗabi'ar ba na goyon bayanta ko kaɗan, don tana cin rai.

Yanzu wasunmu sun fara sauyawa. Ana yi wa yaro addu'a, ana kuma kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ɗaya ba ya hana ɗaya. Tun Yulin 2022 akwai lambar waya 988 ta neman taimako ga mai tunanin kashe kansa, kyauta ce, dare da rana ana ɗauka, kuma ni kaina na sa ta a wayar kowane yaro a gidana. In kuma ƙaddara ta riga fata, muna yi wa mamacin wanka da salla kamar kowane Musulmi, yadda mafi yawan malamai suka tafi a kai, mu zauna da iyayensa, ba mai tambayar su yadda aka yi.

Ka gaida Inna da yara.