Yaushe Aka Kafa Sawakin?

Tambaya: Malam, kakanninmu alhazai ta Sawakin suka ƙetare zuwa Jidda. Mene ne asalin garin? Daga mai karatu a Mai Wurno.

Amsa: Ɗan'uwa, Sawakin tsohon gari ne ƙwarai, domin tun ƙarni na 10 marubutan Larabawa suke ambatonsa. An gina shi a kan ɗan tsibiri a Bahar Maliya, kudu da Bur Sudan, kuma da duwatsun murjani na cikin teku aka tayar da gidajensa. Bayan rushewar Aizab, wata tashar jiragen ruwa da ke arewa da shi, a ƙarni na 15 ne ya bunƙasa, sannan Turkawan Usmaniyya suka mallake shi a ƙarni na 16. Abin takaici, tun da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909, benayen nan suka fara zubewa.