Ƙirƙirarriyar Basira: Yaya Ake Barin Linzami A Hannun Mutum?

Tambaya: Malam, muna haɗa manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da za ta riƙa tace takardun masu neman tallafi. Mun sa madannin da ma'aikaci zai latsa ya amince kafin hukunci ya fita. Ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba. Ma'aikacin da aka jibga wa takardu ɗaruruwa a yini, allo kuma ya riga ya rubuta masa "a ƙi", latsawa kawai zai yi ta yi. Mutum yakan sakankance da abin da kwamfuta ta nuna masa, musamman in ta saba yin daidai.

Dubi abin da ya faru a Holand. Hukumar harajin ƙasar ta yi aiki da tsarin da ke auna wanda ake zargi da zamba a tallafin renon yara, har da zama ɗan wata ƙasa cikin ma'aunin. Akwai ma'aikata masu duba takardun da tsarin ya ware, amma ba ya gaya musu dalilin warewar. Dubban iyalai aka tilasta wa biyan kuɗin da ba su ci ba, gwamnati kuma ta yi murabus a Janairun 2021.

Don haka ku fara da dalili. Kowace shawarar manhajar ta zo da abubuwa biyu ko uku da suka fi rinjayar ta, tare da shafin takardar da aka ciro su. Kada saɓa wa manhajar ya fi bin ta wahala: in ƙin shawararta na buƙatar cike fom, amincewa kuma latsawa ɗaya ce, kun riga kun zaɓar wa ma'aikaci. A wasu takardun ku ɓoye shawarar sai ya rubuta tasa tukuna. Ku riƙa cusa takardun gwaji da aka yi wa hukuncin kuskure da gangan, ku ga ko zai kama. Idan wata ya wuce ba wanda ya saɓa wa manhajar ko sau ɗaya, ku bincika, alama ce ta an daina dubawa.

Sai rijista. Kowane hukunci a adana lokacinsa, bayanan da aka shigar, sigar manhajar da sunan wanda ya amince, a inda masu manhajar ba za su iya gogewa ba. Madannin dakatar da manhajar kuma a gwada shi tun kafin rana ta ɓaci, a kuma tanadi yadda za a ci gaba da aiki da hannu. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024 ta wajabta irin wannan sa ido a sashe na 14, ga manhajoji masu babban haɗari.

Tambaya: Ina ruwan wannan da dimokuraɗiyya?

Amsa: Wanda aka yi wa hukunci yana da haƙƙin sanin cewa da hannun na'ura a ciki, ya ji dalili, ya ɗaukaka ƙara gaban mutumin da ke da ikon sauya hukuncin. Kotu da majalisa su ma su iya neman rijistar. Akwai kuma batun zaɓe: a Janairun 2024 an kira masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar jabu ta Joe Biden, ana ce musu kada su fita. Manhajar da ke ƙirƙirar murya ko bidiyo ta riƙa sa alamar cewa ƙirƙira ce, ta kuma ƙi kwaikwayon muryar mutum ba da izininsa ba.

Tambaya: Na sa manhajar da ke aika saƙo da shirya fayil a madadina. Me zan kiyaye?

Amsa: Ka ba ta izinin karantawa kawai da farko. Tura kuɗi, goge fayil da aika saƙo a bar su sai ka amince kowane lokaci. Saƙon imel ko shafin intanet na iya ɗauke da ɓoyayyen umarni da za ta ɗauka naka ne, don haka kada ka haɗa ta da asusun bankinka, kuma ka riƙa leƙa jerin ayyukanta kowane mako.